Baƙaƙen Ɗakuna a Bayan Farin Gida: Shari'ar Michael Vick da Karnukan Faɗa

Ranar 25 ga Afrilun 2007 jami'an tsaro suka isa wani gida a kan titin Moonlight, cikin ƙaramar hukumar Surry ta jihar Bajiniya a Amurka. Ba karnuka suka je nema ba. Kwanaki kaɗan kafin nan an kama wani matashi da tabar wiwi, da aka tambaye shi inda yake zaune sai ya ba da adireshin wannan gida, kotu kuwa ta ba da izinin a bincika. Gida ne babba, fari tas, a kan fili mai eka 15. Mai gidan ba a nan yake kwana ba, yaron da aka kama ɗan'uwansa ne. Sunan mai gidan Michael Vick.

A lokacin Vick yana da shekara 26, yana kuma cikin 'yan wasan da suka fi kowa ɗaukar albashi a gasar NFL, wato ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka. Ƙungiyar Atlanta Falcons ta ɗauke shi a matsayin zaɓin farko a 2001, a ƙarshen 2004 kuma ta sabunta masa kwantiragi na shekara 10 a kan dala miliyan 130. Ɗan talakawa ne, ya tashi a gidajen gwamnati na birnin Newport News, ya fita da ƙarfin ƙafarsa da na hannunsa. Yara baƙar fata da yawa suna sa rigarsa mai lamba 7, suna ganin in shi ya fita su ma za su fita.

Da masu bincike suka zagaya bayan farin gidan sai suka tarar da wasu ɗakuna da aka shafe da baƙin fenti, yadda ba za a hango su daga titi ba. Can cikin itatuwa kuma an share fili, an bizne sandunan ƙarfe irin waɗanda ke haɗa ƙafafun mota, kowace sanda da sarƙa, kowace sarƙa da kare. An auna tsawon sarƙoƙin yadda karnukan za su ga juna, su yi wa juna haushi, amma bakinsu ba zai kai ga juna ba. Sun haura 60, akasarinsu nau'in da ake kira pit bull, wasu da tabo a fuska da ƙafafun gaba. A cikin ɗakunan an samu injin gudu na horar da kare, da sandar da ake cusa wa kare a baki don a ɓanɓare haƙoransa daga jikin ɗan'uwansa, da magunguna da allurai, da wani katako da ake ɗaure karya a kai domin a yi mata barbara ko tana so ko ba ta so. A saman benen ɗaki ɗaya, wanda sai an taka tsani ake hawa, akwai jini a bango.

Vick ya ce bai san komai ba. Ya ce da wuya yake zuwa gidan, 'yan'uwa ne suka ci amanarsa. Haka ya faɗa wa shugaban NFL Roger Goodell ido da ido, haka ya faɗa wa mai ƙungiyarsa Arthur Blank. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Jami'an tarayya suka karɓi binciken, suka koma filin da shebur, suka tono gawarwakin karnuka. Ranar 17 ga Yuli aka tuhumi Vick da abokansa uku a hukumance. Takardar tuhuma ta nuna cewa tun 2001, shekarar da ya shiga NFL, ya sayi filin a kan kimanin dala 34,000, suka kafa harkar da suka raɗa wa suna Bad Newz Kennels, daga laƙabin da ake yi wa garinsu. Shekara shida suna kiwon karnuka, suna karɓar baƙi daga wasu jihohi, su ma suna zuwa, ana zuba kuɗin caca da ya taɓa kai dala 26,000 a karo ɗaya. Vick ne mai sa kuɗin.

Abin da ya fi tayar wa mutane hankali shi ne abin da ake yi wa karen da bai yi abin da ake so ba. A cikin watan Afrilun nan na 2007, kafin zuwan 'yan sanda da 'yan kwanaki, sun gwada wasu karnuka, suka ware shida zuwa takwas da suka ga ba su da zuciyar faɗa. Wasu aka rataye su, wasu aka danna kawunansu cikin ruwa har suka daina motsi, ɗaya aka yi ta buga shi da ƙasa. Takardar tuhuma ta kuma ambaci wata karya da ta sha kaye a 2003, aka jiƙa ta da ruwa aka sa mata wutar lantarki. Da akwai bindiga a hannu, da akwai likitocin dabbobi a gari, da akwai masu son kare kyauta. Ba a bi ko ɗaya ba.

Abokan nasa suka amsa laifi ɗaya bayan ɗaya, suka yarda za su ba da shaida a kansa. Ranar 24 ga Agusta NFL ta dakatar da shi sai abin da hali ya yi, ranar 27 ya tsaya gaban alƙali Henry Hudson a birnin Richmond ya amsa laifin haɗa baki. Kamfanin Nike ya yanke hulɗa da shi. Kafin ranar hukunci aka gwada shi aka sami wiwi a jikinsa, masu gabatar da ƙara kuma suka ce bai faɗi gaskiya ba a kan rawar da ya taka wajen kashe karnukan. Ranar 10 ga Disamba alƙali ya ba shi wata 23, fiye da kowane cikin abokansa. Ya yi zaman a gidan yarin Leavenworth da ke Kansas, ya kuma biya dala 928,000 da 'yan kai domin kula da karnukan da aka ƙwace.

Abin da ake sayarwa a cikin filin

Kafin a yi muhawara a kan halacci ko rashinsa, ya kamata a san abin da ake kallo. Filin faɗan kamar akwati ne na katako, tsawonsa da faɗinsa kimanin mita 4 zuwa 6, an shimfiɗa kafet don kada ƙafa ta zame. Ana auna nauyin karnukan biyu. Kowane ɓangare ya wanke karen abokin karawarsa, don kada a ce an shafa masa wani abu mai ɗaci ko guba a gashi. Sai a kai su kusurwa biyu masu fuskantar juna, alƙalin wasa ya ba da umarni, a sake su. Masu karnukan ba sa fita. Suna cikin filin, a durƙushe, fuskarsu dab da ta karnukansu, suna kiran sunansu suna zuga su. Faɗan kan ɗauki awa ɗaya, wani lokaci ya haura biyu.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ita ce zuciyar abin gaba ɗaya. In kare ya kau da kai daga abokin faɗansa, sai a raba su, a mayar da kowanne kusurwarsa. Daga nan a saki wanda ya kau da kan, a fara ƙirga. Dole ya tsallaka filin da kansa ya koma ya cafki ɗayan kafin ƙirgar ta ƙare. In ya tsaya, ya faɗi. Masu harkar ba ƙarfi suka fi daraja ba, ba kaifin haƙori ba. Abin da suke biyan kuɗi a kai shi ne karen da ƙafarsa ta karye, fuskarsa ta yage, jini na zuba, amma aka sake shi ya ja jiki a ƙasa ya koma. Shi suke kira mai zuciya. Wanda ya tsaya kuwa rago ne, ya zubar wa mai shi mutunci, ba ya kuma da amfani wajen kiwo, don haka ranarsa ta ƙare. Wanda ya ci sau uku zakara ne, wanda ya ci sau biyar ba a kayar da shi ba babban zakara, kwikwiyonsa kuma kuɗi ne. Ko wanda ya yi nasara ba a kai shi asibiti, domin likita zai gane raunin ya kira hukuma. A gida ake ɗinke shi, da yawa kuma sai su mutu bayan awanni ko kwanaki saboda zubar jini ko ruɓewar ciwo.

A nan ne uzurin da aka fi ji yake rushewa, wato cewa ai halinsu ne, su suke son faɗan. Karnuka na faɗa a ko'ina, amma faɗan da suke yi don kansu gajere ne. Ɗaya ya ga an fi ƙarfinsa, ya kwanta ya nuna ciki ko ya naɗe wutsiya ya gudu, ɗayan ya ƙyale shi. Wannan ja da baya shi ne abin da Allah Ya halicce su da shi don su rayu. Masu faɗan karnuka sun shafe zuriya bayan zuriya suna cire shi: su bar wanda ba ya ja da baya ya haihu, su kashe wanda yake ja. Sannan su gina bango ta yadda ba wurin gudu. Karnuka shida ko takwas ɗin nan da aka kashe a titin Moonlight laifinsu ɗaya ne, sun yi abin da kare mai lafiya yake yi. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutumin nan da ke durƙushe yana kiran sunan karensa. Muryar da ke ba shi abinci ita ce ke ce masa ya koma. Biyayyar da ta sa kare ya zama abokin zaman ɗan Adam ita aka juya ta zama makami a kansa.

"To, farauta fa?"

Ba a daɗe ba aka fara jin wata murya. Clinton Portis, wani ɗan wasan NFL, ya ce gidansa ne, karnukansa ne, ina ruwan wani. Stephon Marbury na ƙwallon kwando ya ce ba ya jin ana cewa komai game da masu harbin barewa. 'Yar fim Whoopi Goldberg ta ce a wani shirin talabijin cewa a yankin da Vick ya taso abin ba baƙo ba ne. Shi kansa Vick daga baya ya ce yana ɗan shekara takwas ya fara ganin faɗan karnuka. Daga wani ɓangaren dabam kuma, Gary Francione, farfesan shari'a a jami'ar Rutgers, ya rubuta cewa duk mai cin nama ba shi da bakin zagin Vick, tunda shi ma don jin daɗin bakinsa ake wahalar da dabba.

Maganar mallaka ba ta da nauyi. Dokar Amurka da kanta ta ɗauki kare a matsayin dukiya, amma ta hana azabtar da shi, domin kujera ba ta jin zafi, kare yana ji. Maganar al'ada kuwa tana bayyana yadda yaro ɗan shekara takwas ya saba da abin, ba ta wanke mutum ɗan shekara 26 mai miliyoyin daloli ba. Wanda ya shafa wa ɗakunansa baƙin fenti ya san abin da yake ɓoyewa. Kuma ba adalci ba ne a jingina wa baƙar fatan kudancin Amurka wannan ɗabi'a a matsayin gadonsu. Daga Ingila ta ƙetaro a ƙarni na 19, fararen fata sun daɗe a cikinta, ƙa'idojin da aka fi bi ma ana danganta su ga wani tsohon shugaban 'yan sanda a jihar Louisiana.

Tambayar farauta ce ba za a share ta ba, domin tana da tarihi a bayanta. A 1835 majalisar Ingila ta haramta haɗa bijimi da karnuka, da faɗan karnuka, da faɗan zakaru. Duk wasannin talakawa ne, na leburori da mahauta. Farautar yanyawa kuwa, inda masu sarauta ke hawa dawaki da jajayen riguna su saki garken karnuka su bi dabba ɗaya har ta gaji su yayyaga ta, ba a taɓa ta ba. Sai a 2002 Scotland ta hana, Ingila da Wales suka bi da dokar 2004 wadda ta fara aiki a Fabrairun 2005. Kusan shekara 170 ke nan tsakanin haramta nishaɗin talaka da haramta na mai hali. A Bajiniya kanta, karen farautar yanyawa shi ne karen da jihar ta ɗauka tambarinta, ana farautar barewa da karnuka a gabashin jihar bisa doka, kuma a lokacin shari'ar Vick akwai shingayen da ake zuba yanyawa a ciki a saki karnuka su bi su da sunan horo. Sai a 2014 jihar ta hana buɗe sababbi. Baƙar fatan da ya kalli wannan ya ce ana auna laifi da mudu biyu bai yi ƙarya ba. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Amma daga "akwai mudu biyu" zuwa "don haka duk ɗaya ne" akwai tazara, kuma a cikin tazarar nan nake tsaye. Ma'aunin da nake ganin ya fi kama gaskiya shi ne a tambaya: in aka cire wahalar dabbar, me ya rage? Maharbin da ya fita neman nama, burinsa harbi ɗaya, dabba ta faɗi ba ta san me ya same ta ba. In ya raunata ta ta gudu da harsashi a jiki, a wurin 'yan'uwansa maharba abin kunya ne, dole ya bi sawun jini ya ƙarasa ta. Cire wahala daga farautarsa gyara ta ne. Barewar ta yi rayuwarta a daji, tana da hanci da kunne da ƙafa, sau da yawa ma ita ke tsira. Yanzu a cire wahala daga faɗan karnuka. Babu abin da ya rage. Karon da ya ƙare cikin minti ɗaya ba tare da jini ba, 'yan kallo za su ce an cuce su. Zafin da karen ke ji, da tsawon lokacin da zai jure shi, su ne hajar da aka kasa.

Farauta a Amurka tana da wata hujjar kuma. An ƙarar da kyarketai da manyan namun dajin da ke cin barewa a gabashin ƙasar tuntuni. Barewa mai farar wutsiya, wadda ta ragu zuwa ƙasa da rabin miliyan wajen 1900, yanzu ta kai kimanin miliyan 30, tana cinye ƙananan itatuwa, tana haddasa haɗurran mota. Tun 1937 dokar Pittman-Robertson ta sa harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsasai yake tafiya ga kula da namun daji. Mutum na iya ƙin farauta duk da haka, amma ba zai ce ba ta da wani amfani sai kallon jini ba.

Wannan bambanci ba sabo ba ne ga mai karatun addini. Aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo. Amma Abdullahi ɗan Umar ya wuce wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwajin harbi a kansa, ya gaya musu Manzon Allah (SAW) ya la'anci wanda ya mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. Kibiya ɗaya ce, tsuntsu ɗaya ne, niyya da hali ne suka bambanta. Kuma ba sai mutum yana ƙaunar kare ko yana barinsa ya shigo masa ɗaki ba kafin abin ya shafe shi. Mutumin da aka gafarta wa saboda ya cika huffinsa da ruwan rijiya ya shayar da kare, ba karensa ba ne. Ya dai ga halitta tana lallagen harshe don ƙishirwa, ya tuna nasa ƙishin.

Sai dai ma'aunin nan ba ya sakin kowane mai bindiga. Da zarar an ɗora shi a kan wasu nau'o'in farauta, sai su gangaro kusa da filin katakon nan. Zakin da aka haifa a keji a Afirka ta Kudu, ya saba da hannun mutum, aka sake shi cikin shinge don baƙo ya harbe shi ya ɗauki hoto, ba shi da hanyar tsira kamar yadda karen Vick ba shi da ita. Zakin nan Cecil na gandun dajin Hwange a Zimbabwe, wanda wani likitan haƙori Ba'amurke ya biya kimanin dala 50,000 ya harbe shi da kibiya a Yulin 2015, ya ɗauki awanni da rauni kafin a ƙarasa shi, kuma kansa ake so, ba namansa ba. Bin yanyawa da garken karnuka daɗinsa a cikin tsawon gudun yake, wato a cikin tsawon firgicin dabbar. Wasan bijimi na Sifaniya an tsara shi ne mataki-mataki don a raunana dabbar a gaban jama'a, shi ya sa majalisar yankin Kataloniya na ƙasar ta hana shi a 2010, ko da yake kotun tsarin mulki ta soke hanin a 2016, Kolombiya kuma ta zartar da nata hanin a 2024. Kyan tufafin mai yin abin ko tsufan al'adar ba su canja abin da dabbar ke ji.

Maganar Francione ita ta fi ba ni wahala, ba zan ɓoye ba. Amurka na yanka kaji kimanin biliyan 9 duk shekara, kazar ƙwai a kejin gargajiya na masana'anta kuma wurin da take samu bai kai faɗin takardar rubutu ɗaya ba. In yawan wahala ake ƙirgawa, titin Moonlight ɗigo ne a cikin kogi. Ban yarda cewa mai cin nama da mai danna kan kare cikin ruwa abu ɗaya suke yi ba, domin ɗaya yana iya neman a kyautata kiwo da yanka ya kuma ci namansa, ɗayan ba shi da yadda zai kyautata abin da yake yi sai ya bari. Amma mutanen da suka yi ta ihu a ƙofar kotun Richmond, in tausayin nan na gaske ne, akwai kejin da ke jiransa. Tambayar "farauta fa?" tambaya ce mai kyau in an yi ta don a faɗaɗa tausayi ya kai ga barewa da yanyawa da kaza. Waɗanda suka yi ta a 2007 da yawansu so suke a janye shi daga kare.

An kuma kawo wani kwatancen. A 2009 Donté Stallworth, shi ma ɗan wasan NFL, ya take wani mutum da mota a Miami yana cikin maye, mutumin ya mutu, aka ba shi kwana 30. Mutane suka ce ashe ran kare ya fi na ɗan Adam. Abin da ke da ban takaici a nan sauƙin wancan hukuncin ne. Na Vick kuwa na shekara shida ne na shiri da kashe kuɗi da caca tsakanin jihohi, da ƙarya a kai.

Bayan fitowa

Vick ya bayyana karayar arziki a 2008 yana tsare. Ya kammala wa'adinsa a Yulin 2009, wata guda bayan nan ƙungiyar Philadelphia Eagles ta ɗauke shi, a kakar 2010 ya yi wasan da bai taɓa yin irinsa ba, a 2011 ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 100. Ya riƙa zagaya makarantu tare da ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta Humane Society yana gaya wa yara kada su bi sawunsa, ya kuma je majalisar dokoki ya goyi bayan ƙudurin da ya mayar da halartar faɗan dabbobi laifi, wanda ya zama doka a 2014. Kafin nan, a 2008, faɗan karnuka ya riga ya zama babban laifi a duk jihohi 50, Louisiana kuma ta zama ta ƙarshe da ta hana faɗan zakaru. A Disambar 2024 jami'ar Norfolk State ta naɗa shi babban kocin ƙungiyarta ta ƙwallon zari-ruga. Har yau akwai waɗanda ba su yafe masa ba. Ni ina ganin wanda ya yi zaman yarinsa, ya biya bashinsa, ya tsaya gaban yara ya faɗi laifinsa da bakinsa, ya cancanci a bar shi ya nemi abincinsa. Tsakaninsa da karnukan da ya kashe kuwa, wannan ba a hannun 'yan kallo yake ba.

Karnukan

Al'adar da aka saba a lokacin ita ce duk karen da aka ƙwace daga masu faɗa a ajiye shi a matsayin shaida, shari'a na ƙarewa a yi masa allurar mutuwa. Manyan ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi biyu, PETA da Humane Society, duk sun ba da shawarar a yi hakan. Suka ce karnukan sun riga sun lalace, haɗari ne ga jama'a. Abin mamaki, a wannan gaɓar masu kare dabbobi da masu faɗa da su sun haɗu a kan magana ɗaya: cewa faɗa a jininsu yake.

Kotu ta bi wata hanya. Ta amince wata tawagar masana ƙarƙashin ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta ASPCA ta gwada karnuka 49 ɗaya bayan ɗaya, ta kuma naɗa Rebecca Huss, farfesar shari'a a jami'ar Valparaiso, ta tsaya musu a matsayin waliyyiya. Masu gwajin sun zo da shirin ganin dodanni. Abin da suka tarar a wurin da yawa daga cikinsu tsoro ne. Ana buɗe keji sai kare ya baje a ƙasa, ciki da haɓa a manne da siminti, ya ƙi motsi, sai an ɗauke shi a hannu an fitar. Wasu ba su taɓa hawa matakala ba, ba su san abin wasa ba. Wasu kuwa wutsiya kawai suke kaɗawa suna neman a shafa su. Cikin 49 ɗin nan, ɗaya tak aka yanke cewa zafinta ya wuce gyara. An raba 47 ga ƙungiyoyin ceto, 22 da suka fi jigata suka tafi gandun Best Friends da ke Kanab a jihar Utah, wasu goma suka tafi wurin ƙungiyar BAD RAP a Kalifoniya. A 2009 Humane Society ta sauya matsayinta, ta koma goyon bayan a riƙa duba kowane kare a kan kansa.

Ba duka ne suka warke sarai ba. Akwai waɗanda suka ƙare rayuwarsu suna firgita da ƙarar ƙofa. Lucas, babban zakaran gidan, mai fuska cike da tabo, kotu ta ce a gandun zai zauna har mutuwarsa, ya mutu a 2013 a matsayin karen da ma'aikata suka fi so. Georgia ta iso ba ta da haƙori ko ɗaya a baki, daga baya wata mata ta ɗauke ta zuwa gida. Leo ya samu horo ya riƙa ziyartar masu cutar daji a asibiti. Jonny Justice ya riƙa zama a wani ɗakin karatu a Kalifoniya, yaran da ke jin kunyar karatu a gaban mutane suna karanta masa littafi da ƙarfi. A 2011 wata ƙungiya mai suna Dogs Deserve Better ta sayi farin gidan na titin Moonlight, ta mayar da shi wurin farfaɗo da karnukan da aka kwance daga sarƙa.

Frodo yana ɗan kwikwiyo aka ɗauko shi daga filin, yana cikin waɗanda suka fi kowa tsoro, ya daɗe yana razana cikin barci. Wasu ma'aurata a Kalifoniya suka riƙe shi, da ƙafafunsa suka gaza suka riƙa tura shi a keken jarirai. Shi ne na ƙarshe da ya rage cikin karnukan. Ya mutu a Disambar 2021, yana da kimanin shekara 15.